Yadda Fulani Suka Gyara Mini Darasi

A shekarar da na kammala jami'a aka tura ni koyar da ilimin aikin gona a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Na taso daga Gumel da jaka ɗaya ta tufafi da wata ta littattafai, ta biyun ta fi nauyi. Tsarin darasina ba shi da makusa a takarda: manufa a sama, sai gabatarwa, sai matakai, kowanne da mintunansa. Ina shiga aji biyu in fuskanci allo, in yi ta rubutu ina karantawa da Turanci, in rufe da tambayar ko an gane. Kullum ajin yakan amsa da murya ɗaya cewa an gane.

Gwajin tsakiyar zango ya nuna akasin haka. Shugaban makaranta, dattijo mai sanyin magana, ya kira ni ofishinsa ya baza takardun a gabana.

"Malam, yaran nan 'ya'yan manoma ne da makiyaya," in ji shi. "Idan suka faɗi a aikin gona, me zan gaya wa iyayensu? Na ba ka zuwa ƙarshen zango. In ba a ga canji ba, zan ba wani malami ajin, kai kuma ka riƙe mini ɗakin ajiyar kaya."

Na san ɗakin. Karyayyun kujeru ne a ciki da gara.

Sai na tuna an koya mana cewa malami nagari yana neman jin ra'ayin ɗalibansa. Na sami kwalin sabulu, na tsaga masa baki, na raba ƙananan takardu, na ce kowa ya rubuta abin da ba ya so game da koyarwata, kada ya sa suna. Da na buɗe kwalin, addu'o'i na tarar. An roƙa mini ƙarin basira da tsawon rai. Wani ya tabbatar cewa Malam ba shi da laifi ko ɗaya. Wani ya roƙa mini mace tagari, wani babur. Na zauna na kasa takardun gida-gida kamar yadda aka koya mana, sai da na gama na lura babu ko ɗaya da za ta shiga tsarin darasi. Yaron da aka rena a kan ya durƙusa ya gai da babba ba zai rubuta laifin malaminsa ba, da suna ko babu suna. Balle sun san na san rubutun hannun kowannensu.

Akwai wata Bafillatana da ke kawo fura da nono bakin makaranta lokacin tara. 'Yarta tana ajina, yarinya mai shiru da ke zama kusa da taga. Wata rana tana dama mini fura ta tambaye ni asalina. Na ce mata ni ɗan Gumel ne, kakannina Mangawa ne. Ta ajiye ludayi ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ashe Babarbare ne nake ta russuna wa ina cewa Malam," ta ce. "Bawana ne ma. Riƙe ƙwaryar da kanka."

Na san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda kowane ɓangare ke ce wa ɗayan bawansa, kuma ba a yin fushi da abin da aka faɗa a cikinsa. Ban dai taɓa zaton zai same ni sanye da rigar aiki ba. Na daure na ce, "Inna, bawa ai shi ne mai bin saniya a rana."

"Gara mu mun san saniyar. Kai wadda ka zana wa yara ko tozo ba ta da shi. 'Yata ta ce sun ɗauka jaki ne har sai da ka rubuta sunanta."

Daga littafi na kwafi saniyar, littafin kuma daga ƙasar da shanu ba su da tozo ya kwafo ta. Ita kuwa ta ci gaba. Ta ce da yamma a ruga 'yarta takan tara ƙannenta ta zama ni. Takan juya musu baya, ta yi ta yi wa jikin bukka magana, sannan ta share da hannu tana tambaya ko sun gane.

"Ta ce ƙeyarka suka fi sani," in ji ta. "In ƙara suga ko ya isa?"

A ranar ban ji ɗanɗanon furar ba. Amma a cikin minti biyar na sami abin da kwali bai ba ni ba.

Ranar Juma'a na shiga aji na sanar, cikin natsuwar da na saba, cewa ni Babarbare ne, don haka mintuna goma na ƙarshen darasin kowace Juma'a na wasa ne, kuma duk Bafillacen da ke ajin yana da ikon faɗa mini abin da ya ga dama game da koyarwata. Can yarinyar nan ta miƙe tana kallon ƙasa.

"Malam Babarbare, kana goge allo kamar ana korarka."

Ajin ya fashe da dariya, ni kuma na rubuta maganar a littafina. Fulani bakwai ne a ajin, sauran Hausawa ne da ba su da wannan dama. Kafin mako biyu Hausawan sun gano hanya: sukan raɗa wa Fulanin ƙorafinsu tun ranar Alhamis, su kuma su isar da shi da sunan wasa. Ta haka na ji cewa na bayan aji ba sa jin muryata, cewa ina zuba Turanci kafin su san a kan me ake magana, kuma ban taɓa tambayarsu abin da suka sani ba.

Na sake tsarin darasi daga tushe. Na koma fara bayani da Hausa, sai sun fahimta in ba su kalmomin Turancin da za su tarar a jarrabawa. Da muka zo kan yadda saniya ke narkar da abinci, na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis na karɓo kayan ciki wurin wani mahauci, na kawo aji a bokiti. Yaran ruga suka yi bayanin tuƙa fiye da littafina, ni na sa wa sassa huɗu na tumbin saniya sunayensu kawai. Ajin ya yi ƙarni kwana biyu.

Ana saura mako guda a yi jarrabawa shugaban makaranta ya shigo ba sanarwa, kuma Juma'a ce. Ya zauna a baya har lokacin wasa ya yi. Na so in tsallake shi, amma yarinyar ta riga ta miƙe.

"Malam Babarbare, yau ka yi ƙoƙari. Saura ka daina cewa 'a taƙaice' sannan ka ƙara rabin awa."

Fuskar shugaban ta ɗaure, ni kuma na fara tunanin kujeru da gara. Ya tashi ya nuna yara uku daga layin baya, ya yi musu tambayoyi a kan taki da cututtukan dabbobi. Biyu suka amsa daidai, na ukun ya amsa da Hausa, ya kuma ƙara da abin da mahaifinsa ke yi. Shugaban ya fita ya yafito ni.

"Wannan rashin kunyar kai ka koya musu?"

"Ranka ya daɗe, wasan kakanni ne. Aronsa na yi."

Ya dubi filin makaranta. Sannan ya ce in ci gaba da riƙe ajin, ba sai an jira sakamako ba. Har na juya ya sake kirana, ya rage murya.

"Ni ba ni da abokin wasa a cikinsu. Juma'a mai zuwa ka tambayar mini su yadda suke ganin jawabina na taron safe."

Na tambaya, sun kuma amsa dalla-dalla. Sai da na yi kwana uku ina tsara yadda zan isar masa da saƙon cikin ladabi.