Fusae da Katin Ɓarawo

Har ta kai shekara saba'in da ɗaya, Fusae Tomioka ba ta taɓa yin wasan na'ura a talabijin ba. Ita dai lemo ta sani. A gonar iyayensu da ke gefen dutse, a wani ɗan tsibiri na yankin Ehime a ƙasar Japan, ta tashi, a nan ta yi aure, a nan kuma mijin ya rasu ya bar ta da bishiya ɗari uku da gwiwa mai ciwo. Ƙannenta biyu sun daɗe da barin tsibirin. Nobue, mai bi mata, aure ya kai ta Sendai. Shigeharu, autansu, ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa tasi a Osaka. Ba faɗa suka yi ba. Zumuncin ne ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma wayar minti biyar ranar sabuwar shekara, da kwalin lemo da Fusae ke aika wa kowannensu idan an yi girbi.

Shekarar da Shigeharu ya ajiye tuƙi, sai ga jirgin fito ya kawo wa Fusae kwali daga Osaka. Na'urar wasa ce a ciki, da takarda mai rubutunsa na kaza: ranar Lahadi, ƙarfe biyun rana, ta kunna. Ya aika wa Nobue irinta.

"Kai Shige, kuɗi ne suka yi maka yawa?" in ji Fusae a waya. "Ni da ko agogon tukunyar shinkafa ban iya saitawa ba?"

"Yaya, maɓalli ɗaya ne fa. Ki danna, ɗan lido ya juya, ki tafi. Ko kyanwa za ta iya."

Sunan wasan Fitila Bakwai. Allo ne irin na lido, an zana shi kamar gari ranar biki, kowa na zagayawa yana tara fitilu, wanda ya fi yawa bayan zagaye ashirin shi ya ci. Kowa zai zaɓi wanda zai zama a cikin 'yan katun masu manyan idanu. Shigeharu ya ɗauki wani jarumi mai takobi da ke fashewa da kuka in an ci shi. Nobue ta ɗauki dila mai sanye da rigar kuku. Fusae ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna wata yarinya mai koren gashi, riƙe da guduma da ta fi ta girma.

"Wannan ta yi kama da mai iya aiki," ta ce.

Ta fara da niyyar yin sau ɗaya don kada Shige ya ji haushi. A ranar farko ta ci su duka biyun, ba ta ma san yadda aka yi ba. Abin da ya kama ta ke nan. Wasan bai damu da wanda ya iya ba. Shigeharu zai kwana uku yana karanta dabaru, ya zo ya jefa ɗaya sau huɗu a jere, ita kuwa ta danna da yatsa mai ƙanshin ɓawon lemo ta jefa shida. Kowa daga gidansa yake wasan, sukan ajiye waya a kan tebur su buɗe murya, kuma a cikin jiran layi ne maganar da ba a yi ba shekara da shekaru ta riƙa fitowa. A zagaye na tara na wata Lahadi Nobue ta faɗi cewa an yi wa mijinta aikin zuciya tun bara. Ba wanda ya sani.

Amma Fusae ba ta taɓa yarda cewa wasan na da hankali ba, kuma ba ta ɓoye. Rubutunsa ƙanana ne, sai ta matso da fuska kamar mai neman ƙwari a ganye. Yarinyar mai guduma magana ɗaya ta iya, duk jefawa sai ta ƙwala ihu, "Ku matsa, ga ni nan!" har Fusae ta fara jin muryar a cikin gona. An ce wasa na awa ɗaya ne, bai taɓa ƙarewa ƙasa da biyu da rabi ba, rabin laifin na Nobue ne, wadda ke tsayawa tunani a kan kowace mararraba kamar mai zaɓen miji. Mafi muni, a zagaye na ƙarshe akan yi guguwa ta kwashe fitilun wani ta zuba wa wani.

"Wanda ya ƙirƙiro wannan abu bai taɓa noma ba," Fusae ta ce ranar da guguwar ta kwashe mata biyar. "In ya taɓa, ba zai sa wannan a wasa ba."

Sai kuma katin ɓarawo, wanda ke ba ka dama ka fizge fitilar duk wanda ka ga dama. Duk lokacin da ya faɗo hannun Fusae, Nobue ce ke shan shi. Ko Shigeharu na da shida, Nobue na da ɗaya, ɗayar za a ɗauke.

"Yaya, ke fa ba ki da adalci! Ga mai fitilu can!" in ji Nobue.

"Hannuna ne ya zame."

"Shekara biyu hannunki na zamewa gefe ɗaya?"

Shigeharu ma abin na ba shi kunya. "Yaya, shekarata sittin da huɗu. Ki sace ni mana, ba zan mutu ba."

Fusae ce ta goya shi tana 'yar shekara tara, lokacin da mahaifiyarsu ke wuni a kan dutse, kuma har yau in jarumin nan nasa ya fashe da kuka a talabijin, sai ta kau da kai.

Wata Lahadi a watan Disamba, ana tsakiyar girbi, suna zagaye na goma sha ɗaya, layi ya zo kan Nobue. Fusae ta san tana da aƙalla minti uku. Ta kashe bakin wayarta kamar yadda ta saba in za ta tashi, ta fita shigo da kwandon lemo da ta bari a bakin ƙofa, saboda ta ga hadari ya haɗo. Tana ɗauke da shi ta taka matakalar shiga gida, gwiwar ta ƙi. Ta faɗi ta gefe a kan siminti, ta ji wani abu ya ɓalle a ƙugunta. Lemo ya watse ko'ina.

Ta yi ƙoƙarin tashi, duniya ta yi baƙi. Ta yi kira, amma gidan da ya fi kusa da ita na tsoho Kuramoto ne, tsohon mai raba wasiƙu, kuma akwai gonaki biyu tsakaninsu. Wayar tana can kan tebur, taku bakwai daga inda take. Tana jin su sarai, su ba sa jin ta.

"Yaya, layinki ne," in ji Nobue. "Ko fushin guguwar makon jiya ne har yanzu?"

Wasan yana da wani aibi da kowa ke kuka da shi. In mutum ya yi minti biyar bai danna ba, na'ura ce ke karɓar wasansa ta ci gaba, ba tare da ta nuna wa sauran ba. Fusae tana kwance, sanyin siminti na ratsa ta, sai ta ji yarinyar ta ƙwala, "Ku matsa, ga ni nan!" Ta ji ɗan lido ya juya. Ta ji Shige ya yi dariya ya ce Yaya ta dawo.

Nan ne tsoro ya kama ta da gaske. Saura zagaye tara. Za su gama, su ce ta kashe waya don haushi, kowa ya tashi dafa abincinsa.

Zagaye biyu suka wuce tana ji. A na uku sai ga kiɗan nan na katin ɓarawo, sannan kukan jarumi mai takobi. Na'ura ba ta san goyo ba, wanda ya fi fitilu ta duba ta fizge.

Nobue ta yi shewa. "Yau dai! Yau dai an yi adalci! Shige, yaya ka ji?"

Shigeharu bai yi dariya ba. "Yaya Nobue, tsaya. Wannan ba Yaya ba ce."

"Kai dai an taɓa ka sau ɗaya..."

"Na ce ba ita ba ce. Yaya! Yaya Fusae, in kina ji ki yi magana!" Ya saurara. "Yaya Nobue, kina da lambar Kuramoto? Bari, ina da ita."

Minti goma sha biyu bayan haka, Fusae ta ji ƙarar babur ɗin tsohon yana hawowa. Ya tura ƙofa, ya gan ta a cikin lemo, ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe ta. Abin da ta fara ce masa shi ne ya kashe talabijin ɗin nan, yarinyar ta ishe ta.

Da jirgin ruwa aka kai ta asibiti a babban gari, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe a ƙugun. Washegari da yamma ta buɗe ido ta ga su biyun a gefen gado. Rabon da su uku su zauna a ɗaki ɗaya tun jana'izar mahaifiyarsu, shekara goma sha ɗaya. Shige ya yi sanƙo, ba ta sani ba. Nobue ta zo da jaka cike da safa da tawul, tana ta faɗa da idanu jajaye.

"Mace mai shekara saba'in da uku da kwandon kilo ashirin! Wa kike son burgewa?"

"Ke da kin yi sauri kin jefa, da ban fita ba," in ji Fusae.

Nobue ta kwana biyar a tsibirin, ta wanke gidan tas, ta zubar da rabin abin da ke firij, suka yi cacar baki da Fusae a waya a kan haka, ta koma Sendai. Shigeharu ya zauna ya ƙarasa girbin. Bai iya ba. Yana yanke lemo ya bar masa dogon kara da ke huda na kusa da shi a kwando, sai da Kuramoto ya wuni biyu yana koya masa riƙon almakashi. Fusae ta dawo gida a watan Fabrairu da sanda. Ta bar wa wani maƙwabci gonakin saman dutse, ta riƙe bishiya tamanin na ƙasa, waɗanda take iya kaiwa. Shige ya ce zai koma Osaka da zarar ta warke, amma da bazara ta shigo aka gan shi a ofishin ƙungiyar manoma yana tambayar wane taki ake sa wa lemo a watan Maris.