Wadda Ke Amsa Sunan Hawwa'u

An binne Hawwa'u Modibbo ranar Talata kafin la'asar, a bayan katangar makarantarmu, ranar Litinin kuma aka kira sunanta a aji aka amsa. Ni ce monita, ni na riƙe wa malam kwalbar tawada, don haka kada wani ya ce mani ji na yi.

Wadda ta amsa sunanta Lami, ɗiyar Mamuda manomi daga ƙauyen Boko. Labarinta nake son bayarwa, tunda ita ba ta iya ba da shi ba tare da ta rikice a kan wace ce "ni" ba.

Shekara guda ke nan da samun mulkin kai. Makarantar ta kwana ce, a ƙasar Kankiya, manya na ce mata midil. Mu talatin ne 'yan mata a ajin, kowane gari da adadin da aka yanka mashi ya kawo. Karatun kuwa, littafin lissafi ɗaya ne, yana hannun malam, shi ya karanta mu maimaita. Taswirar duniya tana kulle a kabad, sai sufeto zai zo ake rataye ta. Wake kuwa sai ka kwashe ƙwarin da ke yawo a saman kwano kafin ka kai ga abinci. Muna kwana a ɗaki guda mai taga biyu, tabarma na taɓa tabarma. Da bazara ta yi zafi sanƙarau ya shigo, wuyan Hawwa'u ya sandare, kwana biyu ta cika.

Hedimasta Malam Ɗanmaliki ya san in labari ya kai ofishin ilimi za a rufe makaranta a tambaye shi dalilin cunkoso. Sufeto kuma saura mako uku, kuma kawuna yake ƙirgawa ya gwada da rajista. Sai ya tuna da Lami, wadda ta ci jarrabawar shiga amma gurbin Boko ya cika. Ya aika aka zo da ita a kan jaki. Ubanta har da guzurin zabi biyu na godiya.

Aka ba ta inifam ɗin marigayiyar, mai lamba ashirin da bakwai ɗinke a ƙirji, da akwatinta, da tabarmarta da aka shanya a rana. Hedimasta ya tara mu ya ce, "Ga Hawwa'u ta warke. Wadda na ji wani suna a bakinta, ta ɗaure kayanta."

Da safe malam ya kira, "Hawwa'u Modibbo." Shiru. Ya sake kira, bai ɗaga kai ba. Na matsa kusa da Lami na zungure ta da gwiwar hannu, wata 'yar murya ta fito daga bencin da muka yi kwana biyar muna kauce wa: "Firazan, sa." Jamilatu da ke gabanta ta saki fitsari a zaune.

Abin bai tsaya nan ba. Sufeto yana duba littattafan rubutu, Hawwa'u kuwa rubutunta a kwance yake, ya karkata hagu. Aka sa Lami ta zauna kullum bayan azahar tana kwaikwayon hannun. A shafin ƙarshe marigayiyar ta tsaya a tsakiyar jimla, Lami ta ƙarasa mata. Na ga shafin da idona, ban iya nuna inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta ɗauka ba. Sufeto ya zo, ya ƙirga talatin, ya yaba da tsabta, ya sha shayi, ya tafi.

Uwar Hawwa'u, Adda, Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Fakuwa, tana kawo nono bakin makaranta. Hawwa'u ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunanta da bakinta ba, kuma ranar da aka gaya mata rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Wata safiya tana sauke ƙwarya ƙarƙashin bishiyar bedi sai ta ji an kira sunan ta taga, ta ji an amsa. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna. Daga ranar ba ta ƙara makara ba, kafin a buga ƙararrawa tana gindin bishiyar, sai an wuce sunan take buɗe faifai.

In an fita tara sai ta yafito Lami, ta dama mata fura, ta zuba man shanu a gwangwani. Ba ta kallon fuskarta, lambar ƙirjinta take kallo. Ran nan Lami ta ajiye ludayi, ta ce, "Inna, ni fa ba ita ba ce."

Adda ta ce, "Na sani, ɗiyata, ba hauka nake ba. Ke dai ki riƙa amsawa. Ran da kika daina, ran nan za ta mutu mani."

To ku gaya mani, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, me za ta ce?

Da sunan ta yi jarrabawar fita, da sunan aka ba ta satifiket, da shi ta shiga kwalejin horon malamai. Ni na wuce sakandare, muka rabu. Lokacin da kuɗin mai ya zo aka buɗe firamare ko'ina, aka tura ta Kusada, Malama Hawwa. Malama ce ta gaske, ba irin waɗanda suka koyar da mu ba. Da karan dawa take koya lissafi, ta zana taswira a ƙasa da tsinke. Amma abu guda ne ba ta yi: ba ta kiran rajista. Sai ta bi benci benci ta dafa kan kowane yaro ta ce, "Kai wane ne? Faɗa mani da bakinka." Kuma duk hutu sai ta je ruga ta gaida Adda, har Allah ya karɓi ran tsohuwar bara, bayan girbi.

Sai da aka yi sadakar bakwai Lami ta zo wurina ta ce, "Sa'a, yanzu kam ina son sunana." Ciwon suga ya ci ta, idanu sun fara tafiya. Ta ce abin da ke hana ta sukuni shi ne ranar da za a yi sanarwar rasuwarta a ce Hawwa'u Modibbo, yarinyar mutane ta mutu sau biyu, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta samu ba.

Na raka ta ofishin ilimi. Akawu ya jawo fayil, ya lashi yatsa, ya ce a takardunsu ba a taɓa yin wata Lami Mamuda ba, Hawwa'u kuwa tana raye, ga ta ma zaune. In muna son gyara mu kawo takardar shaidar mutuwa.

Na ce, "Ɗan nan, wa zai ba da takarda a kan gawar da aka ɓoye?"

Ya yi dariya ya dubi Lami ya ce, "To Malama, sai ki je ki mutu ki kawo mana shaida."

A hanyar komawa tasha tana gabana da sandarta. Na ce, "Lami." Ba ta juyo ba. Na ɗaga murya, "Lami!" Har mai tallan gyaɗa ya waiwayo, ita ba ta waiwayo ba. Na ce a hankali, "Hawwa'u." Ta tsaya cak ta ce, "Na'am?" Muka dubi juna da rana tsaka.

Malam Ɗanmaliki ya rasu, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ku shugabannin ilimi da kuka gaji kujerun kuna nan, kuma tsohuwar rajistar tana ɗakin ajiyarku in gara ta bar ta. Ban da Lami, mu uku muka rage a 'yan ajin, ni da Jamilatu da wata a Fakuwa, kuma a shirye muke mu dafa Alƙur'ani. Ku buɗe littafin ku rubuta cewa Hawwa'u ta rasu, ku sa a kewaye kabarinta da yara ke buga ƙwallo a kai. Sannan ku buga wa Lami Mamuda satifiket da sunan da ubanta ya raɗa mata, da manyan baƙaƙe, ku kai mata Kusada tun idonta na iya karantawa.