Ƙafar Inna da Kwanukan Dubiya

Cuta uku Inna ta haɗa: ciwon suga, hawan jini, da wani tari mai shaƙe ta duk damina. A Maska muke, zamanin da motocin auduga ke jerin gwano zuwa Funtuwa. Aurena ya mutu na dawo gida, jinyarta ta faɗo kaina.

Wata kaka, kututturen karan dawa ya soke ta a babban yatsan ƙafa. Ko ji ba ta yi ba, jini kawai muka gani. Ciwo ya ƙi warkewa. Likita a Malumfashi ya dube ni ya ce ban da zaƙi, ban da gishiri, ban da kanwa, in ba haka ba ƙafar nan ba za ta kai baɗi ba.

Mutanen unguwarmu kam sun yi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Maza suka yi mana gayya suka girbe dawar. Itace da ruwa ba mu taɓa nema ba. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Iya muke ce mata, kullum sai ta wanke ciwon ta naɗe kafin ta wuce kasuwa.

Amma kowa cutar da ya gani yake yi wa magani. Wadda ta jiyo tari ta katanga sai ta zo da mazarƙwaila, garinmu garin rake ne fa. Wadda ta ga kumburi sai ta damo kunun kanwa. Kuma a wurinmu mai dubiya ba ta ajiye kwano ta tafi. Zama take yi sai majinyaci ya kai baki a gabanta. Ka ƙi sha, to ka ce ta zuba maka wani abu ke nan.

Na yi roƙo, na yi faɗa, har aka sa mini suna mai baƙin hali. Ran nan Gwaggo, ƙanwar marigayi babanmu, ta shigo da kunu ya sha mazarƙwaila har ya yi ja. Na tare ƙofar ɗaki.

"Gwaggo, don girman Allah ki mayar. Likita ya hana."

"Au! Ni ce zan kashe matar yayana? Faɗi mana, 'yar nan, me na zuba a ciki?"

Daga ciki Inna ta daka mini tsawa, ta ce in ba da hanya. Ta karɓi kwanon ta shanye tas, har da kwankwaɗe na ƙasa. Da Gwaggo ta fita na fashe da kuka don takaici.

"Inna, ƙafarki fa!"

"Na sani," in ji ta. "Da gurgunta zan iya zama a unguwar nan. A ce na zargi dangin ubanki, ina zan sa kaina?"

Wallahi na ji haushinta, har yau ina ji.

Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau sama, ɗaki ya ɗauki wari. Wata safiya Iya ta kwance tsumma, ta mayar, ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Maƙwabta suka nemo akori-kura, muka shimfiɗe Inna a baya sai Zariya. Ƙasa da gwiwa aka yanke. Da za a sallame mu, likitan can ya matsa ɗaya ƙafar da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ya ce ita ma tana hanya, in ba a kiyaye ba.

Ranar da muka dawo, tsakar gida cike da mata 'yan jaje, kowa da kwanonta a lulluɓe da faifai. Gwaggo ce a gaba, tana kuka na gaske, ba na ganin ido ba. Aka kwantar da Inna a tabarma. Gwaggo ta durƙusa ta buɗe nata, tururi ya tashi.

Inna ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Miƙo mini ludayi."