Gwaggo Laraba da Sunayena

Ku da kuka san Gwaggo Laraba, yayar babana, kun san ba ta sa kaya in ba kore ba. Zane kore, ɗankwali kore, har silifas. Ranar da ma'aikatarsu ta yi mata bikin ritaya, bayan ta tsufa tana buga musu keken rubutu, matan ofis suka fitar da anko ja. Da korenta ta je. Suka ce, "Haba Hajiya, ai anko muka yi." Ta ce, "Ni na yi nawa tun kafin a yaye ku."

Ina shekara goma sha huɗu aka kai ni gidanta a Unguwar Rimi, don ya fi kusa da makarantarmu. A lokacin ni kaina ban san abin da nake so in zama ba. Sunana Zainabu, amma cikin wata shida na zama Zee, na zama Zinat, na koma Zizi.

Rannan ƙawata ta yi sallama ta ce, "Gwaggo, Zizi tana nan?"

"Kyanwar maƙwabta? Ai ta haihu shekaranjiya."

"A'a Gwaggo, Zee nake nufi."

"Wannan ta tashi tun watan jiya. Akwai dai wata Zainabu tana wanke-wanke, in za ta yi miki."

Ina jin su daga bakin famfo, kamar in nutse don kunya.

Daga nan sai wata a ajinmu ta ce da zan ɗan yi haske da na fi kowa kyau. Na samo man bilicin na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Kwana uku da fara shafawa, na dawo daga makaranta na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana mulka wa baƙar tukunyarta man nan.

Ta ce, "Gwaji nake yi. In tukunya ta yi fari, sai mu koma kanki."

Na fashe da kuka, na ce ita ba ta san yadda ake ji ba. Ta ajiye tukunyar, ta wanke hannu, ta ja ni gaban madubi. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Wannan fatar ta Inna ce, wadda ta haife ni. Tun da ta rasu ban ƙara ganinta ba sai a jikinki. Kuma ki sani, samari uku suka yi dambe a kanta a Zariya, ɗaya har da haƙori ya bari a wurin." Ina hawaye ina dariya. Ta miƙo mini man kaɗanya, kuma ban sake neman wancan ba.

Babban rikicin sai da na kusa gama sakandare. Baba ya ce likita zan zama, ni da ko kaza aka yanka sai na bar wurin. Ni kuwa ɗinki nake so. Gwaggo ta sa ni gaba muka hau adaidaita har gidanmu a Rigasa, da tarin tsofaffin littattafaina a leda.

Baba ya ce, "Yaya, yarinyar nan kullum da sabon abu. Gobe ma za ta canja."

Ta zazzage ledar a gabansa. Bayan kowane littafi zanen riguna ne. Ta ce, "Ta canja suna sau uku, ta canja tafiya, har murya ta canja. Wannan ne kaɗai shekara uku bai canja ba. Kai kuma da kake magana, wa ya tara gashi yana ɗan sha shida ya ce a riƙa kiransa Ɗan Indiya?"

Mama ta ruga ɗaki tana toshe baki. Baba ya sunkuyar da kai yana jujjuya littattafan, can ya ce, "Wannan rigar dai ta yi kyau."

Shagon ɗinkina na Kawo daga nan ya samo asali. Ko a asibiti, kwana biyu kafin rasuwar Gwaggo, sai da ta yafito ni ta raɗa mini, "Dubi wuyan rigar likitan nan a karkace. Karɓo ki gyara wa bawan Allah."

Duk zaman da muka yi ba ta taɓa ce mini ga abin da zan zama ba. Tsokana kawai take yi, tana haƙuri da ni har na gano da kaina. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da Innarta a Aljanna.