Dabaibayin Motar Manu

Ina kwance a ƙarƙashin wata motar yashi a garejinmu na Gusau, ina laluben inda waya ta tsinke, sai Gideon ya kira ni a waya. Gideon direban tirela ne, iyayensa mutanen Filato, amma a nan ya tashi. Bai tsaya gaisuwa ba. Ina jin kukan shanu a bayansa da hayaniyar mutane.

Ya ce, "Ɗahiru, Manu ne. Gaba da Tsafe, kafin Kucheri. Allah ya karɓi abinsa."

Na fito na tsaya a rana, na koma inuwa, na sake fitowa. Tun daga ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna sai in ga kamar akwai abin da na bari ban yi ba.

Manu Bafulatani ne, an haife shi a wata ruga kusa da Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu. A bayan shanu ya girma. Yana saurayi ɓarayi suka kore garken mahaifinsa, aka bar su da igiyoyi. Ya shigo Gusau bai san aikin komai ba sai na saniya, don haka ya nufi kara, inda ake loda shanu zuwa Kudu. Ya fara da hawa saman bodin tirela yana rakiyarsu. Aikin mai rakiya shi ne ya sa ido, in wata ta faɗi ya tashe ta kafin sauran su tattake ta. Daga saman bodi ya sauko gaban mota, a hankali har ya kama sitiyari. Ya auri Zulai, suka kama ɗaki a Gusau, Allah ya ba su 'ya'ya mata. Ni kuwa fitilarsa ce ta mutu wata rana ya kawo min gyara. Ya kira ni Kaɗo, na kira shi ɗan ruga, daga nan muka zama abin da muka zama. Tuwon gidansa da na gidana a kwano ɗaya muke juye su.

Tuƙinsa abin dariya ne a tasha. Ba ya taka burki da ƙarfi, ba ya yankar kwana. Yakan ce kaya mai numfashi ya ɗauko, a tsaye suke, ba abin da za su riƙe. Yana zaune a gaba yake jin faɗuwar saniya a jikinsa, tun kafin masu rakiya su buga masa bodi. Direbobi suka sa masa suna Baba Sannu.

Da aka ce dole motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu, mai motarsa ya sa a ɗaura masa. Ɗan akwati ne a jikin wayar totur, in mota ta kai wani gudu, ko ka danna ƙafarka har ƙasa ba za ta ƙara ba. Direbobi suka sa mata suna dabaibayi, kamar wanda ake ɗaure ƙafar jaki da shi. Yawancinsu wurina suke zuwa in raba wayar, a bar akwatin a manne don masu dubawa. Manu kaɗai ne bai zo ba.

Kullum gardama ce a gindin darbejiyar gareji. Tambaya, wani direban siminti mai babbar murya, shi ne kan gaba.

"Wanda yak kawo abin ga ya taɓa bin hanyar Tsafe?" in ji shi. "Mutane su fito maka da bindiga bisa babura, ka taka mota ta ce maka a'a? Su gyara hanya, su kore mutanen daji, sannan su zo su ɗaure mu."

Gideon ya ce, "Ni wucewa ce damuwata. Ka fito za ka wuce mota, wata ta ɓullo, ka nemi ƙarfi babu. Nan ne mutuwa take."

"To mi zai kai ka wucewa?" in ji Manu. "Wa ke jiran ka, sarki?"

"Ji Baba Sannu!" in ji Tambaya. "Kai da dabaibayi da babu duk ɗaya ne. Akuya ma tana wuce ka."

"Aradu tana wuce ni. Amma ku lissafa min waɗanda munka binne bana. Nawa bindiga ta kashe, nawa kwana ta kashe?"

Sai kowa ya kama ambaton sunaye, wannan na jan nasa, wancan na jan nasa, har a kira salla ba a rabu ba.

Ni ba gardamar ce ta dame ni ba. Ina son abokina ya riƙa dawowa. Na roƙe shi a gareji, na roƙe shi a hanyar masallaci. Na je har gida na ce Zulai ta sa baki. Ta ce daga bayan ƙofa, "Malam Ɗahiru, na faɗa har na gaji. Dariya yake yi, ya ce in zuba masa fura."

Yadda Gideon ya ba ni labari, sun tashi a jere da hantsi, kamar yadda direbobi suka saba yi yanzu, don kada kowa ya ratsa wannan dajin shi kaɗai. Suna wuce Tsafe kowa ya taka, Manu ya zama na baya. Can wata saniya ta faɗi. Ya gangara gefen titi ya tsaya, a wurin da ba mai son tsayawa. Ya hau ya taya masu rakiya, suka kama wutsiya da ƙaho suka miƙar da ita. A daidai lokacin wani a gaba ya ce ya hango babura a bakin daji. Motoci suka juyo da gudu suna kunna fitila. Manu yana saukowa ta gefen bodi wata babbar mota ta zo ta shafe shi. Har yau ba wanda ya tabbatar min ko akwai baburan.

A zaman makoki ma ba su bar shi ya huta ba. Tambaya ya ce da ba dabaibayi da yana cikin jerin, da bai tsaya shi kaɗai ba. Wani dattijo ya ce motar da ta buge shi ai ba dabaibayi gare ta, gudu ne ya kashe shi. Gideon ya ce ko da jirgi yake tuƙawa sai ya tsaya wa saniyar nan. Na tashi na bar musu tabarmar. Na zagaya bayan gida, na dawo, na tarar suna nan a kai. Kowa na da gaskiyarsa, kuma ba wadda ta zaunar da ni. Allah ya jiƙan Manu, ya raya abin da ya bari.

Da safiyar ranar da ya rasu, Manu ya biyo gareji da lodinsa, fitilar burki ce ba ta kamawa. Na gyara. Ina tsaye a bakin ƙofarsa da filaya a hannu, akwatin nan yana daidai gwiwarsa.

Na ce, "Manu, don girman Allah bari in taɓa shi. Ba sai ka yi gudu ba. Ya zama dai kana da shi in ta ɓaci."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya duba ko akwai mai ji, ya rage murya.

"Kaɗo, kuna ganin ba ni da tsoro. Na fi Tambaya tsoro. Duk na shiga dajin nan ƙafata rawa take. In ka cire shi, ran da na firgita zan taka har ƙasa, ga mutane bisa bodi, ga shanu tsaye. Na san ƙafata. Bar min abina."

Na mayar da filayar aljihu. Na ce, "To in ka dawo."

"In na dawo mu sake faɗan."

"Allah ya kiyaye hanya, ɗan ruga."

"Amin. Matsa, kada in taka ka."