Hashiyar Malam Ɗahiru a Kan Littafin Lawandi

Duk wanda ya zauna da marigayi Malam Ɗahiru a Daura ya san ba a miƙa masa takarda ta dawo yadda ta tafi. Alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada ba su rabuwa da aljihunsa, kuma duk rubutun da ya shigo hannunsa sai ya yi masa hashiya a gefe da ajami, kamar yadda magabata suke yi wa littattafan fiƙihu. Wani attajiri daga Mashi ya taɓa aiko masa da katin ɗaurin auren ɗansa, Malam ya mayar da katin da gyara uku, sannan ya ƙara a ƙasa cewa zai zo. Likita kuwa ya ba shi takardar magani, bayan mako ta dawo ɗauke da tambayar ko “bayan cin abinci” ya haɗa da goro.

Tun muna ɗalibai gaban malami guda muke tare, har gemunmu ya yi fari. Amma abin da ba zan manta da shi ba ya faru ne a kan jikata Rabi, marainiyar da ta tashi a hannuna. An ba ta gurbin karatun adabin Hausa a kwaleji, aka ce cikin wata guda ta kawo takarda da sa hannun waliyyinta, in ba haka ba gurbin ya wuce. Ana nan sai na iske ta da wani littafin hikaya daga cikin waɗanda za a karantar da su. Na karɓe shi, na ce ba zan sa hannu a tura ta koyon ƙarya ba. Ba ta yi musu ba, sai dai kwana biyu ba ta tsokane ni ba, ita da kullum take kirana angonta mai rowar cefane.

Na kai wa Malam Ɗahiru littafin don ya taya ni tir. Ya juya shi, ya shinshina takardar, ya tambaye ni ko na karanta. Na ce Allah ya kiyaye.

“Malam Isiyaku,” in ji shi, “a wace mazhaba ake yanke hukunci kafin a saurari wanda ake ƙara?”

Nan take ya tsara yadda za a yi. Kullum bayan la'asar za a zauna a zaurena, Rabi ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida tana jan baƙi, tunda mu biyun da kyar muke haɗa baƙin boko, shi kuma yana sharhi. Ba tsallake, ba leƙa ƙarshe. Idan an sauke, sai in yi hukunci.

Labarin wani saurayi ne mai ɗinki, Lawandi, wanda yake son zama marubuci, kawunsa kuma yana hana shi. Kwana uku muka yi a shafin farko. Dalili shi ne marubucin ya ce Lawandi ya raya wani abu a zuciyarsa yana zaune shi kaɗai a shago. Malam ya ɗaga hannu, ya nemi a gaya masa wanda ya ruwaito wannan, tunda babu kowa a shagon, zuciya kuma ba a leƙa ta. Rabi ta ce, “Baba Malam, ai babu mai ruwaya. Marubucin ne ya ƙirƙiri Lawandin da zuciyar tasa baki ɗaya.” Daga nan ya tsoma alƙalami, ya rubuta a gefe cewa tunda haka ne, duk abin da ya sami yaron nan yana wuyan marubucin.

Daga ranar bai sake raga wa marubucin ba. Ya ware takarda ya jera mutanen littafin yadda ake jera masu ruwaya: wannan amintacce, wannan mai yawan mantuwa, wannan ba a san halinsa ba. Wani abokin Lawandi da yake yaba duk abin da ya rubuta, Malam ya sa shi cikin waɗanda ba a karɓar shaidarsu.

Ni kuwa ina nan ina jiran hujja, kuma na ɗauka na samu. Babi huɗu muka wuce ba a ambaci Lawandi ya yi salla ba ko sau ɗaya. Na gyara zama na faɗi hakan. Malam ya sa Rabi ta koma baya ta duba, sannan ya ce a babi huɗun nan ba a ambaci ya ci tuwo ba, ga shi kuma bai mutu ba. Don haka kyautata zato ga Musulmi ya wajaba, ko da na takarda ne.

Kwanaki na tafiya, Rabi tana ƙirga su a fuskarta, Malam kuwa ko a jikinsa. Sai muka zo babin da kawun ya kwashe takardun Lawandi ya ba mai ƙosai ta naɗe kayanta da su. Ni na ce dattijon ya yi daidai. Malam bai kalle ni ba, ya tambayi Rabi a wane sahu za a sa kawun. Na tabbata za ta huce haushina a kansa. Sai ta ce ita ba ta ga mugu ba. Ta tuna mana cewa tun a babi na biyu kawun ne ya sayar da akuyarsa ya saya wa yaron keken ɗinki. Ta ce mutum ne da ya riƙi ɗan ƙanwarsa amana, yake tsoron ya mutu ya bar shi da abin da ba ya ciyarwa, kuma bai iya faɗin tsoro ba sai da faɗa.

Malam ya rubuta maganarta a gefe, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗalibi ba. Yana busar da tawadar ya ce shi ma ya san wani dattijo mai irin wannan hali, ba da nisa ba. Ni dai na ce lokacin alwala ya yi.

Washegari, saura kwana uku wa'adi ya cika, na ce a kawo takarda, na amince. Wallahi Malam Ɗahiru ya ƙi! Ya ce saura babi biyu, kuma yadda bai bar ni na hana kafin a sauke ba, haka ba zai bar ni in halatta ba. Na roƙe shi, Rabi ta yi kamar za ta yi kuka. Iyakar sassaucin da ya yi shi ne a fara zama tun hantsi. Haka muka yi kwana biyu, mu tashi salla mu dawo, har muryar yarinyar ta dishe. Da aka kai layin ƙarshe, ya sa aka dama fura aka raba wa maƙwabta, wai ba a sauke littafi a tashi haka nan. Liman ya sha, ya sa albarka, sannan ya tambayi wane littafi aka sauke. Malam ya ce na Lawandi. Liman ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya amfanar da mu da iliminsa.

Na sa hannu a ranar. Da safe muka raka ta tasha, a ranar ƙarshe ta wa'adi. Har mota ta tayar, Malam ya matsa jikin taga da sandarsa.

“Rabi'atu, in Allah ya haɗa ki da marubucin nan, ki gaishe shi. Ki ce masa ya bar mahaifiyar Lawandi kwance ba lafiya a babi na shida, bai sake komawa ta kanta ba. A je a duba ta.”

Tana shekara ta biyu a kwaleji Allah ya karɓi abinsa. Ba don shi ba, da na danne haƙƙin marainiya ina zaton ibada nake yi. Ya Allah, bawanka Ɗahiru bai iya barin ko tsohuwar da ke cikin takarda babu mai dubawa ba. Kada Ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Ka yalwata masa shi, Ka haskaka shi, Ka gafarta masa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.