Na Ƙi Hoton Zuciya Don Kada A Ce Ina Da Ciki

Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne daga wani ƙauye kusa da Gulma, a ƙasar Argungu. Da hannuna nake rubuta wannan wasiƙa, kuma ta ci mini kwanaki, domin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Lokacin da abin ya fara ina da shekara arba'in da 'yan kai. Damina da rani ina fadama, idan ruwa ya ja baya kuma in ɗauki homa da gora in shiga su, wato kamun kifi. A garinmu an san ni da dogon numfashi. Nakan nutse in daɗe har na bakin gaɓa su fara salati, sannan in taso da kifi a hannu. Da wannan nake taƙama, kuma shi na fara rasawa.

Da farko buhun shinkafa ne ya fara yi mini nauyi. Daga gona zuwa inda amalanke ke tsayawa sai na huta sau uku, ina haki kamar wanda aka koro. Ran nan ana tsakiyar yanka, da lauje a hannuna, na ga duhu na faɗi. Ƙanena ya kai ni asibiti a Argungu. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjina, sannan ya tambaye ni ko na taɓa fitsarin jini ina yaro. Na yi dariya na ce ai duk ɗa namiji a garinmu ya yi, manya ma cewa suke alamar balaga ce. Shi bai yi dariya ba. Ya ce yana zargin hawan jini, amma na jijiyoyin huhu, ba wanda ake aunawa a dantse ba, kuma sai na je Birnin Kebbi an yi mini hoton zuciya kafin ya san inda aka kwana. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar wajenmu, da take ce mini Kawu, ta yi rubutu a bayan takardar da likita ya rubuta ta zuwa Birnin Kebbi, ta miƙo mini. Don ta kwantar mini da hankali ta ce kada in ji tsoro, babu allura babu yanka, irin na'urar nan ce da ake duba jariri a cikin uwarsa, mai kawai za a shafa mini a ƙirji.

Ƙanena bai iya riƙe magana ba. Washegari bayan la'asar, ina isa majalisarmu, abokin wasana, ɗan gwaggona, ya miƙe ya ba ni wuri, wai mai juna biyu ba ta tsayuwa. Ya tambaye ni wata nawa, kuma uban ɗan ya sayi ragon suna ko sai an taimaka masa. Wani ya ce shi zai fara tara itacen wankan jego. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma a raina na riga na rantse ba zan kwanta a gadon da mata ke kwanciya ba. Ranar kasuwa na shiga wani kemis aka auna mini dantse, mai kemis ya ce jinina kamar na saurayi, ya ba ni maganin asma. Na dawo gida ina murna. Maiɗakina ta tuna mini cewa likita ya ce ba na dantse ba ne. Na ce mata ta yi shiru, ba ita ke da ƙirjin ba. Na ninke takardar na jefa a ƙasan akwati.

Damina biyu ta wuce a haka. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai ciki ya biyo baya, ya taso ya yi tsini a gaban riga. Abin da aka tsokane ni da shi ya zo a fili, amma yanzu babu mai dariya. Abokin wasan nan nawa shi ya zo da kansa wata safiya, ya ce in tashi don girman Allah, ya nemo mota ya raka ni Birnin Kebbi. A layin hoton na tarar da maza birjik, har da wani dattijo malami mai farin gemu yana jan carbi.

Aikin da na guje wa shekara biyu bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Na kwanta a gefen hagu, aka shafa man mai sanyi, likita ya dinga yawo da kan na'urar a ƙirjina. Ya juyo mini da allon, na ga zuciyata tana motsi. Ya nuna mini ɗakunanta huɗu, ya ce ɓangaren dama, mai tura jini zuwa huhu, ya kamata ya fi na hagu ƙanƙanta, amma nawa ya buɗe ya zarce shi, ya gaji da tura jini ta hanyoyin da suka tsuke. Da gudun jinin da ke komawa baya ta wata ƙofar zuciya ya ƙiyasta ƙarfin hawan, ya ce ya yi sama sosai. Bayan an duba jini da hanta da bayan gida, ya ce yana kyautata zaton tsutsar tsargiya ce, mai sa fitsarin jini, wadda na yi ta kwasa a ruwan fadama tun ƙuruciya, ƙwayayenta suka toshe ƙananan jijiyoyin huhu. Na tambaye shi da na zo tun farko fa. Ya ce bai san gaibu ba, amma da wuya zuciyar ta kai haka. An ba ni maganin kashe tsutsar, da na rage ruwan jiki, da na sassauta jijiyoyi. Cikin ya saɓe, numfashin bai dawo ba.

Yanzu gonar tana hannun ƙanena, homata tana rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. A zaune nake sallah. Da na ga zama ne kawai ya rage mini, na shiga ajin manya. Ranar da na fara iya haɗa baƙi da wasali na tono takardar nan daga akwati. Gabanta Turanci ne, amma bayanta Hausa ce. Ashe ma'aikaciyar jinyar nan ta rubuta mini in tafi a cikin makon, kada in jira a gama girbi, domin zuciyata ba za ta jira ba. Shi ne rubutu na farko da na karanta ba tare da malami ba. Sau uku na maimaita shi, ina bin kowane baƙi da yatsa.

'Yan'uwana manoma da masunta, fitsarin jini cuta ce, ku kai 'ya'yanku a ba su magani. Idan haki ya kama ku kan aikin da kuka saba, kada awon dantse ya ruɗe ku, akwai hawan jinin da ba ya nunawa a can. Idan likita ya ce a yi hoton zuciya, ku je, ko duk gari zai yi dariya. Abokin wasana yana zuwa kullum da yamma ya zauna kusa da ni, ya kasa tsokanata. Na ce masa na yafe, ai ba shi ya ninke takardar ba. Idan an kira sallah shi ke riƙe hannuna, kuma tsakanin ƙofar gidana da masallaci sai mun tsaya sau biyu na nemi numfashi.